Taku Shida

Har yanzu nakan farka kafin ladan,
in kasa kunne wajen dutse.
Shiru. Sai zakaran gidan Dogara,
sai babur ɗin mai burodi yana hawan hanyar Kajuru.

Shekara tara gurnaninka ne agogon ƙauyen nan, Barde.
Masu koko sun ce da shi suke hura wuta.

A garejin wani attajiri aka samo ka, can Malali,
tsakanin janareto da tsofaffin tayoyi.
An zare maka farata tun kana shan madara
don 'ya'yan gida su ɗauki hoto.
Ranar da muka buɗe maka fili,
eka biyu, da ɗorawa a tsakiya,
ka taka ciyawa ka ɗage ƙafa
kamar wanda ya taka garwashi.
Daga nan taku shida, ka juya.
Taku shida, ka juya.
Faɗin garejin ke nan.
Mun fito da kai daga cikinsa,
shi ne bai fita daga cikinka ba.

Ita Kande kasuwa-kasuwa aka yi da ita,
da sarƙa da ganga, naira ashirin a leƙa.
Ko sakwara ake kirɓawa a ƙauye
sai ta shige bayan dutse.
Amma tana son ƙashin cinya,
tana son ƙamshin ruwan fari,
da muryar Dakta Rifkatu
in tana mitar tsadar magani.
Ƙoda ce ta ci ta.
Daren Laraba, ina riƙe da tocila,
likita na neman jijiya,
sai ta ce, "Tanimu, kashe wutar haka nan."

Damisar ba mu raɗa mata suna ba.
Wa zai raɗa wa ƙi-sabo?
Ƙafa uku ta zo da su,
ta huɗun tana can a tarkon waya.
Wata goma sha huɗu ina kai mata nama,
sau biyu kacal na ga idonta.
A kan reshe ta mutu,
sai da muka aro tsani.

Kai ne na ƙarshe, Barde.
Ba ka ko gama hucewa ba
wani ya iso da mota mai duhun gilashi.
Fatar goshi yake so, wai don kwarjini,
da kitse kwalba guda.
Kuɗin da ya ambata ya fi albashina na shekara,
ga rufin ɗakina yana yoyo.
Ba zan ɓoye ba, na yi jim.
Sai na tuna an riga an cire maka abin da aka cire.
Na ce, wannan karon dai zai tafi da sauran jikinsa.

Ni da Ishaku muka haƙa, ya kai tsayin mutum,
muka zuba siminti buhu uku.
Kwana bakwai ina kwana a kai da gora
kamar mai gadin rumbu.

Ban san addu'ar da ake yi wa zaki ba.
Na tambayi liman, ya yi murmushi,
ya ce wanda ya halicce shi ya san inda ya ajiye shi.

Littafin nama na nan a aljihuna:
Barde, kilo bakwai. Kande, biyar.
Ran kasuwa mahauci kan ɗaga mini hannu,
in ɗaga masa, in wuce.

Jiya na shiga filinka.
Damina ta rufe ko'ina,
har ramin da Kande ke kwanciya.
Wuri ɗaya ne ciyawa ta ƙi:
ɗan siririn layin nan da ka daddaɓe.
Na auna shi da ƙafata.
A ƙarshensa na tsaya, ga fili shimfiɗe a gabana,
sai na ga ni ma na juya.